Yadda Ake Gane Ruwan Inabi Marar Barasa Da Ya Cancanci Kuɗinsa Don Abincin Gida

Tambaya ɗaya ce ake ta maimaita mini, sai dai kowa da bakin da yake kawo ta. Wani ya ce ya sayi kwalba mai tsada, da aka buɗe sai ya ji kamar an dama sukari a ruwa an ɗiga kala. Wata ta ce ta sayi mai araha, yara sun shanye tas, amma manya kurɓa ɗaya suka yi suka ture kofi. Wani kuma cewa ya yi ya ga kwalabe biyu a jere a kan kanta, kamar an tsaga kara, amma ɗaya ta ninka ɗayar kuɗi har sau uku, to me ya raba su?

Ba kwalbar biki ko ta kai wa wani kyauta nake nufi ba, wannan ado ake saya kuma mai saye ya sani. Ina magana ne a kan wadda za a ajiye a tsakiya ranar da aka yi girki a gida, a sha da abinci, a sake sayen irinta mako mai zuwa ba tare da aljihu ya koka ba. Rabin amsar a bayan kwalba yake a rubuce da ƙananan baƙaƙe. Sauran rabin kuwa harshenka da tukunyarka ne za su faɗa.

Kayan aiki

Kofunan gilashi uku iri ɗaya marasa kala, ruwan sha, yankan burodi marar zaƙi, biro da 'yar takarda, firji ko bokitin ƙanƙara, lemon tsami ɗaya, ruwan soda, da wayarka ta hannu don lissafi da kuma girmama ƙananan rubutu da kyamara. Sai mutum ɗaya da zai zuba maka ba tare da ka gani ba.

1. Ka san wanne kake riƙe da shi cikin ukun

Abubuwa uku ne ake zubawa a kwalba mai dogon wuya, a jera su a kanta ɗaya, alhali ba su da kusancin da ake zato.

Na farko ruwan inabi ne zalla. An matse 'ya'yan, an tace, an ɗumama shi don kashe ƙwayoyin da za su sa ya tsimu, an rufe. Wani akan tura masa gas ya riƙa kumfa. Bai taɓa zama giya ba, don haka duk sukarin da inabin ya zo da shi yana nan.

Na biyu lemon kwalba ne ya sa babbar riga. Ruwa ne da sukari da ƙamshi da kala da gas, sai ɗan ruwan inabi da aka saka don a samu bakin rubuta sunan. Shi ya fi yawa a kasuwa, kuma shi ya fi kowa iya kwalliya.

Na uku giyar inabi ce da aka cire wa barasa. Ana barin ruwan inabin ya tsimu har ya zama giya, wadda galibi barasarta kashi 11 zuwa 14 cikin 100 ce, sannan a cire barasar da na'ura. A buɗaɗɗiyar tukunya barasa tana tafasa ne a wajen digiri 78, amma in aka zuƙe iskar tukunyar sai ta tashi a ɗumi kaɗan, wajen digiri 30, ba tare da an dafe ɗanɗanon ba. Wasu kuma ta matsattsen rariya suke tura ta da ƙarfi. Aiki biyu ke nan, shi ya sa ya fi sauran tsada. Kuma da yake yis ya riga ya cinye yawancin sukarin, zaƙinsa kaɗan ne, sai tsami da ɗan bauri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a gwada farashin na biyu da na uku a ce ɗaya ya yi tsada. Ba sa'o'in juna ba ne. Kowanne da ɗan'uwansa ake auna shi.

Hattara: na ukun asalinsa giya ne. Hukumomin da ke ba da shaidar halal ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu suna amincewa da shi, wasu kuma, kamar na Malesiya, ba sa karɓar abin da aka fara yinsa a matsayin giya ko da an cire barasar daga baya. Wanda yake gudun shubuha ya tsaya a kan na farko, kuma in za ka zuba wa baƙo na uku, ka faɗa masa abin da ke cikin kofin kafin ya kai baki.

2. Nemi lambar barasa, kada ka tsaya ga kalma

"Marar barasa" ba ma'ana ɗaya take da ita a ko'ina ba. A Tarayyar Turai, dokar da aka yi a 2021 ta ce giyar da aka cire wa barasa za ta iya ɗaukar har 0.5%. Akwai kuma wadda aka rage wa kawai, wadda ta haura 0.5% amma ba ta kai giya cikakkiya ba, kuma tana iya zama a kanta ɗaya da sauran. A Amurka ma abin da bai kai 0.5% ba ana iya kiransa wanda ba na barasa ba. A Ingila shawarar gwamnati ita ce kada a ce abu ba shi da barasa sam sai bai wuce 0.05% ba.

To ka nemi lambar da idonka. Za ka ga 0.0%, ko 0.05%, ko 0.5%. In ba ka ga ko ɗaya ba, kuma jerin kayan haɗi bai nuna maka ruwan inabi ne zalla ba, mayar da ita inda ka ɗauko.

Hattara: mai juna biyu, da wanda likita ya hana, da wanda ya daina shan barasa yana kokawa da kansa, kada su ɗauki 0.5% a matsayin sifili. Na ƙarshen ma ƙamshin kaɗai yana iya tayar masa da tsohon tsumi.

3. Juya kwalbar, karanta jerin kayan haɗi

Nan ne ake kama ɓarawo. Ƙa'idar da kusan duk duniya ke bi ita ce a jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Saboda haka abu uku na farko sun isa su gaya maka abin da za ka biya wa kuɗi.

Idan na farko ruwan inabi ne, kuma an rubuta 100%, ka samu nau'in farko. Idan na farko ruwa ne, na biyu sukari, inabi ya zo na uku ko na huɗu, lemon kwalba ne komai kyan rigarsa. Sau da yawa ana rubuta kason inabin a gefen sunansa, ka ga 10% ko 20% ko 50%. Rubuta wannan lambar, za mu dawo kanta a wajen lissafi.

Ni ma an taɓa yi mini. Na ɗauki wata kwalba mai nauyi, wuyanta naɗe da takardar zinare, toshiyarta ɗaure da waya, gabanta an zana gonar inabi da wani tsohon gida a kan tudu. Ban juya ta ba. Sai da muka zauna cin abinci, aka buɗe ta yi ƙara kamar bindiga, kowa ya ji daɗi, sannan ƙanwata da ke kusa da ita ta juya bayan ta fara karantawa da ƙarfi: ruwa, sukari, gas, ƙamshi. Inabin shi ne na biyar. Aka yi mini dariya har aka tashi, kuma tun ranar ban sake kallon gaban kwalba da farko ba.

Ga abubuwan da za ka riƙa cin karo da su, da yadda za ka ɗauke su.

Za ka ga an ce daga ƙafaffen ruwan inabi aka yi. Wato an ƙafar da ruwan har ya yi kauri kamar zuma don sauƙin jigila, daga baya aka mayar masa da ruwa. Ba laifi ba ne, yawancin ruwan 'ya'yan itacen da ake sayarwa haka ake yinsa. Amma ƙamshinsa ba ya kai na wanda aka matse aka zuba kai tsaye, don haka bai kamata a sayar maka da shi da kuɗin wancan ba.

Lambobin da ke farawa da E sunayen sinadaran da ake ƙarawa ne. E290 gas ne kawai. E300 bitamin C ne da ke hana launi dushewa. E330 tsamin lemo ne, ana sa shi don ya daidaita zaƙi. E202 da E211 masu hana lalacewa ne. E414 ƙaro ne, E422 kuma gilisarin, kuma a nau'i na uku ake yawan ganinsu, saboda in an cire barasa abin yakan yi tsinkakke kamar ruwa, sai a nemi abin da zai mayar masa da jiki a baki. Duk waɗannan ba su ne abin damuwa wajen daraja ba.

Waɗanda ke sa ni ɗaga gira su ne kala da kayan zaƙi na sinadari. Jan inabi na gaske ba ya neman a ƙara masa launi, daga fatarsa yake samu. In ka ga E150 ko E163 a jeri, ana rufe wata ɓaraka ce. In kuma ka ga E950, E951 ko E955, an sa zaƙin da ba na inabi ba, kuma shi ne ke barin wani ɗaci-ɗaci a maƙogwaro bayan an haɗiye.

Sunan irin inabin ma alama ce. Mai abin kirki yakan faɗi irin da ya matse. Muscat yana da ƙamshin fure kuma ƙamshin ba ya gudu da sauƙi. Riesling da Sauvignon Blanc tsami ne ƙarfinsu. Merlot mai laushi ne, Cabernet Sauvignon kuma ya fi bauri. Concord na Amurka shi ne mai launin shuɗi-ja da ƙamshi mai ƙarfi wanda yara ke so. Airén farin inabi ne da ake nomawa da yawan gaske a Sifaniya, ba shi da wani hali na musamman, saboda haka in ka gan shi kada ka biya kuɗi mai yawa. Wanda bai ambaci iri ba kwata-kwata, yawanci abin da ya samu da araha ne ya haɗa.

Hattara: lambobi daga E220 zuwa E228 salfait ne, wani sinadarin hana lalacewa. A Turai da Amurka dole a rubuta shi in ya wuce miligiram 10 a lita. Ga yawancin mutane ba komai, amma yana iya tayar wa wasu masu asma da ciwonsu.

4. Lissafa sukarin

A jadawalin da ke bayan kwalba nemi layin sukari a cikin mililita 100. Ruwan inabi zalla yakan kai giram 15 ko 16. Lemon kola bai kai giram 11 ba. Mutane da yawa ba sa yarda sai sun gani da idonsu.

Ninka lambar da 7.5 ka samu na kwalba mai mililita 750. Giram 15 ya zama wajen giram 112. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan giram 4, ke nan cokali 28 a kwalba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta ce irin wannan sukarin kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ga babba ya kama wajen giram 50, kuma ta lissafa na ruwan 'ya'yan itace a ciki. Babban kofi ɗaya mai mililita 250 ya kusa cinye kason yini.

Me ya haɗa wannan da daraja? Zaƙi mai yawa yana kashe abinci. Yana cika ciki kafin a kai rabin faranti, yana rufe ɗanɗanon miya, kuma yana ƙara ƙishirwa maimakon ya kashe ta. Nau'i na uku sau da yawa ba ya kai rabin wannan sukarin, kuma a nan ne yake cin kuɗinsa. In ka ga na uku da sukarinsa ya yi kusa da na lemon kola, an lulluɓe wani aibu ne da zaƙi, ka wuce.

Hattara: "ba a ƙara sukari ba" ba ya nufin babu sukari. Mai ciwon suga ya bi lambar, ba wannan jimlar ba.

5. Cire kuɗin ado, mayar da farashi na kofi

Kwalbar da babu komai cikinta tana iya yin giram 400, wata ta doshi 900. Mai gas tana da hujjar kauri, don kada ta fashe. Marar gas kuwa in ta yi nauyi, gilashi ka saya da kuɗin ɗaukarsa. Haka rami mai zurfi a gindin kwalba, da takardar zinare, da akwatin kwali, da tambarin lambar yabo da ba a faɗi wanda ya bayar ba ko shekarar. Murfi mai murɗawa bai fi toshiya ƙasƙanci ba, hasali ma ya fi amfani a gida don ana iya mayar da shi.

Yanzu lissafi. Ko da wane irin kuɗi ake ciniki a inda kake, a ce kwalba ta farko 300 ce, inabinta 20%. Ta biyu 450 ce, inabinta 100%. Duka mililita 750. A ido ta farko ta fi araha. Amma inabin da ke cikinta mililita 150 ne kacal, ke nan kowace mililita 100 ta inabi ta tsaya maka a 200. A ta biyu kuwa 60 ce. Sauran kuɗin ta farkon ruwa da sukari ka saya, abin da kake da shi a gida.

Idan za ka gwada kwalba da kwali mai lita ɗaya, ninka kuɗin kwalbar da 4 ka raba da 3, shi ne kuɗinta a lita. Wani lokaci abin da ke cikin kwalin da na kwalbar ɗaya ne.

Sai ka duba kofunan gidanka. Mililita 750 tana ba da kofi 6 in ana zuba 125, kofi 5 in 150 ne, amma in manyan tambulan ne masu 250, uku kawai za ta yi. Raba kuɗin da yawan kofin da gidanka ke samu a zahiri, wannan ita ce lambar da za ka riƙe.

6. Duba kwanan wata da inda aka ajiye ta

Wannan ba ya ɗaukar minti ɗaya. Abin da ba barasa a ciki ba ya gyaruwa da tsufa, lalacewa yake yi. Ɗauki mafi sabunta. Guji kwalbar da ta yini a rana ko kusa da fitila mai zafi, musamman mai farin gilashi. Fari da ya koma ruwan ƙasa, ko ja da ya yi launin bulo, ya sha iska ko zafi. Kwalin da ya kumbura kuwa ko kyauta kada ka karɓa. Amma 'yan ƙananan duwatsu masu ƙyalli a gindin ruwan inabi zalla ba lalacewa ba ne, gishirin tsamin inabin ne ya daskare.

Hattara: ragin farashi mai yawa sau da yawa kwanan wata ne ya matso. In yau za a sha, riba ce. In katan za ka saya ka ajiye, asara ce.

7. Sanyaya daidai

Fari da mai kumfa, digiri 6 zuwa 8, wato sa'a uku a firji ko rabin sa'a a bokitin ƙanƙara da ruwa. Ja kuma ɗan sanyi kawai, wajen digiri 12 zuwa 14. Ka fito da shi minti 20 kafin a zauna.

Sanyi yana danne zaƙi, yana kuma danne ƙamshi. Shi ya sa abin banza in ya yi ƙanƙara yake shiga, in ya huce a gane shi. Don haka a ranar gwaji kada ka sanyaya fiye da kima.

Hattara: kada ka saka kwalba mai gas a gidan ƙanƙara ka manta, tana fashewa. Wajen buɗewa kuma ɗora babban yatsa a kan toshiya tun kafin ka kwance wayar, ka karkata bakin daga fuskar kowa, ka riƙe toshiyar ka juya kwalbar a hankali.

8. Gwaji ba tare da ganin kwalba ba

Sayi kwalba uku na nau'i ɗaya: mai araha, matsakaiciya, da wadda ta ɗan fi ƙarfin abin da ka saba. Ba kullum za ka yi wannan ba, sau ɗaya ne, kuma zai tsare maka kuɗin watanni. Mai taimakonka ya liƙa lamba a ƙarƙashin kowane kofi, ya zuba kamar yatsu biyu, ya ɓoye kwalaben. Dalilin ɓoyewar shi ne ido yana yi wa harshe ƙarya. In ka san wadda ta fi tsada, sai ka ji ta fi daɗi.

Fara da hanci. Juya kofin kaɗan ka shaƙa. Ƙamshin 'ya'yan itace kake ji, ko na alawa da cingam? Na gaske ba ya dukan hanci, kuma yana sauyawa in ka sake shaƙa. Na sinadari ɗaya ne daga farko har ƙarshe. In ka ji warin dafaffen jam, an ƙona shi wajen aiki. In ka ji na binega ko na jiƙaƙƙen kwali, ya lalace.

Kurɓi kaɗan, ka bar shi ya zagaya baki. Abu uku kake nema. Zaƙi, a kan harshe. Tsami, wanda za ka gane shi da yadda yawu ke tsinkowa a gefen baki. Sai bauri, irin bushewar da shayin da ya daɗe a ruwa ke sa wa dasashi, wanda daga fata da ƙwallon inabi yake fitowa kuma a ja ake samunsa. Mai kyau shi ne wanda babu ɗaya da ya danne sauran. Zaƙi ba tsami yana gundura. Tsami ba jiki kamar ruwan wanke lemo ne.

Haɗiye, ka yi shiru kana ƙirgawa a zuci. Me ya rage a bakinka bayan ka ƙirga goma? Idan ɗanɗanon inabi ne, alama ce mai kyau. Idan danƙo ne a leɓe da son shan ruwa, sukari ne. Idan babu komai, ruwa ka saya. Wannan ƙirgar ita ce na fi dogara da ita a duk matakan.

Tsakanin kofi da kofi ka kurkure baki, ka ɗan tauna burodi. Ka rubuta kalma biyu ko uku a kan kowanne kafin ka ji ra'ayin wani. Sannan ka bar kofunan minti 15 ka dawo. Mai gas na kirki zai ci gaba da tayar da ƙananan kumfa, na banza kuwa manyan kumfa ne da ke tashi fuu su mutu nan take. Kada a ɗaga kofi a duba lamba tukuna, saura mataki ɗaya.

Hattara: kurɓar farko mai zaƙi ce ke cin gasa kullum. Kada ka yanke hukunci da ita. Tambayar ita ce wanne za ka iya shanye kofi guda, ka nemi ƙari.

9. Gwada da abincin da kuke ci a zahiri

Kada ka yi girki na musamman don gwajin. Dafa abin da ya fi yawan hawa tukunyar gidan, domin da shi za a riƙa sha. Ka ci loma, ka kurɓa, ka sake cin loma. Lomar ta biyu ce shaida: ta fi ta farko daɗi, ko ɗanɗanonta ya ɓace?

Abinci mai maiƙo da soye-soye tsami da kumfa suke so, don su wanke baki. Gasasshen nama ko dafaffe mai kitse yana tafiya da ja mai bauri, saboda kitsen yana tausasa baurin, sai ka ji wanda ɗazu ya bushe maka baki ya koma lafiya lau. Kifi da kaza marasa nauyin haɗi fari mai tsami ya fi musu, ja mai bauri yakan sa kifi ya ƙara ƙarni.

Abinci mai yaji shi ne wurin da mai ɗan zaƙi ke samun ranarsa. Zaƙi da sanyi suna kwantar da zafin barkono, bauri kuwa hura shi yake yi. A nawa bakin gas mai yawa ma yana ƙara wutar, amma na ga waɗanda hakan suke so.

Miya mai tumatir da duk abin da aka matsa wa lemo suna da tsaminsu, kuma in abin shan bai kai su tsami ba sai ya koma salam. Gishiri abokin kowa ne, yana rage ɗaci yana fito da ɗanɗanon inabi. Kayan zaƙi na bayan abinci kuwa suna mayar da nau'i na uku kamar ruwan tsami, gara a sha ruwa ko shayi.

Yanzu a ɗaga kofuna a duba lambobi. In mai arahar ce ta ci, ka huta. In matsakaiciya da mai tsada sun yi kunnen doki, matsakaiciyar ce taka. In mai tsadar ce ta yi zarra ƙwarai, koma ga lissafin kofi ka ga ko ratar daɗin ta kai ratar kuɗin, ko kuwa a bar ta sai ranar da aka yi baƙi.

10. Gyara wadda ta yi zaƙi da yawa

Ruwan inabi zalla da ya yi maka nauyi da abinci, kada ka raina shi. Zuba rabi, cika da ruwan soda mai sanyi, matsa lemon tsami kaɗan. Sukari ya ragu da rabi, tsami ya taso, kwalba ɗaya ta zama lita ɗaya da rabi. Koma ga misalinmu: waccan ta 450 ta koma 300 a lita kafin a sa kuɗin soda, alhali ta 300 ɗin tana nan a 400 a lita, kuma duk da sirkin, inabin da ke kofinka 50% ne, nata 20%.

In ja ne kana son ɗan bauri don nama, dafa baƙin shayi marar sukari, ya huce, ka zuba cokali biyu ko uku a kofi.

Hattara: wannan dabarar ba ta aiki da nau'i na biyu, an riga an sirka shi tun daga kamfani. Na uku ma ba ya son ruwa ko ƙanƙara a ciki, da ma jikin nasa ba yawa.

11. Ajiye saura, ka lissafa abin da aka zubar

Barasa ce ke tsare giya, to wannan ba shi da mai tsaro. Da zarar an buɗe, a rufe a mayar firji nan take, kada a bar shi a kan tebur har a gama hira. Bi kwanakin da aka rubuta a jiki, yawanci uku zuwa biyar ne. Mai gas kuwa ko da murfi mai kamawa, washegari ya fara mutuwa. In saura kaɗan ne, juye shi a ƙaramar kwalba mai tsafta da za ta cika, don iskar da ke sama ita ke lalata shi.

Hattara: ruwan inabi zalla da aka buɗe aka bari a ɗumi yana fara tsimuwa da kansa, saboda yis ɗin da ke yawo a iska yana samun sukari. Alamarsa ita ce wanda ba shi da gas ya yi "tsss" da aka buɗe, ko ya riƙa cizon harshe, ko ƙamshinsa ya koma na ƙullun burodi. Barasa ce ta fara samuwa a ciki, a zubar.

A takardarka rubuta sunan kwalbar, kuɗinta, abincin da aka ci da ita, da kofi nawa aka sha da gaske. Kwalbar da ta ba da kofi shida aka zubar da biyu, kuɗinta da huɗu za ka raba. In ka ga haka ta faru sau biyu a gida mai mutum ɗaya ko biyu, ka koma sayen rabin kwalba mai mililita 375 ko ƙananan masu 200 zuwa 250, ko da kuɗinsu a lita ya ɗan fi.